Mabuɗin Firinsifal: Lissafin Da Ke Sauka Amma Ba Ya Hawa

Ina fata an fara bitar karatu tun yanzu, don kun dai san ba a fafe gora ranar tafiya.

A makarantar kwanan da na yi akwai wata dattijuwa mai kula da ɗakunanmu, kowa Mama yake ce mata. Kafin ka ga Mama sai ka ji ta. Tarin mabuɗai ne ɗaure a bakin zaninta, na sito, na kicin, na ɗakin magani, da na kowane ɗakin kwana, tana tafe suna kacau-kacau, masu laifi suna neman wurin ɓuya. In ta tsaya a bakin ƙofa sai ta gwada biyar ko shida kafin ta dace. Wata rana, ina aji huɗu, na ce mata, "Mama, me zai hana a yi miki guda ɗaya da zai buɗe duka?" Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ranar da ya faɗo hannunku fa?"

Dariya na yi a lokacin. Sai ga shi bana, a ajin tsaron kwamfuta, malaminmu ya ɗauki kusan awa biyu a kan wannan tambaya tawa da amsar Mama. Ashe abu ne da masana lissafi suka fi shekara 40 suna fama da shi.

Ku ɗauki makarantarku. Sakamakon jarrabawa yana cikin kwamfuta. Firinsifal ya kamata ya ga na kowa. Shugaban sashen kimiyya ya ga na azuzuwan kimiyya kaɗai, ban da na adabi. Fom masta ya ga na ajinsa. Kai kuma ɗalibi, naka kawai. Hanyar da ta fi ƙarfi wajen tabbatar da haka ita ce a rufe kowane fayil da lissafi, a hargitsa rubutun yadda ko an saci kwamfutar ba za a karanta komai ba sai da mabuɗinsa. Mabuɗi a nan ba ƙarfe ba ne, wata doguwar lamba ce. Rufe fayil ba shi da wuya a yau, wayar da ke hannunku ma tana yi. Wahalar tana wajen rabon mabuɗan: wa za a ba wane, kuma nawa zai riƙe?

Hanya mafi sauƙi ita ce kowa ya yi amfani da guda ɗaya, kuma na ɗanɗana kuɗarta. Bara ƙungiyar ɗaliban ajinmu ta ajiye komai a ma'ajiya ɗaya ta intanet, tambayoyin jarrabawar baya, hotunan biki, da jerin sunayen waɗanda suka biya kuɗin ƙungiya. Kalmar sirri ɗaya ce, shugabanni biyar suka sani. Kowane ɗaya daga cikinsu kuma yana da aboki mai neman tambayoyin baya. Da aka samu saɓani aka sauke ɗaya daga muƙaminsa, ba wanda ya tuna da sauya ta. Bayan 'yan kwanaki jerin masu biya ya ɓace. Har yau ban ce shi ne ya goge ba, kuma ba ni da ikon cewa, domin waɗanda suka san kalmar sun wuce a ƙirga. Aka ce kowa ya kawo rasit. Ni nawa ya daɗe da shiga wanki a aljihun jaka, sai da na sake biya.

Hanya ta biyu ita ce ta Mama: kowane fayil da mabuɗinsa, na sama ya tara na duk waɗanda ke ƙarƙashinsa. Tana aiki, amma firinsifal zai riƙe na kowane sashe da na kowane aji, kuma duk lokacin da aka sauya ɗaya sai an bi duk na sama an ba su sabo a asirce. A makaranta za a iya daurewa. A asibiti ko banki ko rundunar soja mai dubban ma'aikata, abin ya zama kaya.

Za ku ce ai akwai mastaki, irin na otal, guda ɗaya mai buɗe dukkan ɗakuna. Haka ne, sai dai yana da wani rauni. A cikin irin wannan makullin, kowane ɗan fil an yanka shi yadda zai amince da zurfi biyu, na mabuɗin ɗakin da na mastaki. A 2003 wani masanin tsaron kwamfuta a Amurka mai suna Matt Blaze ya wallafa yadda mai mabuɗin ɗaki ɗaya tak zai samo mastakin ginin gaba ɗaya. Zai nemi 'yan mabuɗai da ba a yanka ba, ya kwaikwayi nasa, ya riƙa sauya zurfin haƙori ɗaya yana gwadawa a ƙofar ɗakinsa. Duk inda ƙofar ta buɗe da wani zurfin da ba nasa ba, ya gano haƙori ɗaya na mastaki ke nan. Masu sana'ar makulli da yawa sun ji haushinsa, suka ce sun daɗe da sanin haka a tsakaninsu. Ko ma dai mene ne, tsoron Mama ya tabbata: daga ƙasa ana iya hawa sama.

To abin da ake nema shi ne kowa ya riƙe mabuɗi ɗaya kacal, kuma daga nasa ya iya lissafo na duk wanda ke ƙasa da shi, amma ya kasa lissafo na wanda ke samansa ko na takwaransa da ke gefe.

Sirrin yana cikin wani irin lissafi da ba ya komawa baya. Daka gero ya zama gari aikin minti kaɗan ne. Mayar da garin ya koma ƙwaya fa? Kwamfuta tana da irin wannan turmin. Sanannen cikinsu shi ne SHA-256, wanda aka fitar a Amurka a 2001. Duk abin da ka zuba masa, harafi ɗaya ko littafi guda, zai fito maka da jerin alamomi 64. In ka sake zuba abu iri ɗaya, amsa iri ɗaya za ka samu. Amma daga amsar ba wanda ya san hanyar komawa ga abin da aka zuba, in dai abin dogo ne da ba za a iya cinka ba. A 1988 Ravi Sandhu ya nuna yadda za a yi amfani da irin wannan turmi a tsarin shugabanci: a haɗa mabuɗin firinsifal da sunan "sashen kimiyya" a daka, abin da ya fito shi ne mabuɗin shugaban kimiyya. A haɗa nasa da sunan aji a daka, a samu na fom masta. Firinsifal ba ya bukatar ajiye komai sai nasa, in yana son na wani aji sai ya yi daka sau biyu. Shi kuwa fom masta gari ne a hannunsa. Tsarin yana da kyau matuƙar kowa shugaba ɗaya gare shi. Matsalar ita ce duniya ba haka take ba. Fayil ɗin darasin lissafi, misali, sashen kimiyya na bukata, na adabi ma na bukata.

Wanda ya fi burge ni ya girmi na Sandhu da shekara biyar, kuma yana ɗaukar mai shugaba biyu. Selim Akl da Peter Taylor na Jami'ar Queen's da ke Kanada ne suka wallafa shi a 1983. Ku ɗauko biro da takarda, don da abin da kuka koya a darasin indisis za mu yi shi.

Mutum huɗu muke da su. Firinsifal a sama. A ƙasansa shugaban kimiyya da shugaban adabi. A ƙasan shugaban kimiyya akwai fom masta ɗaya. Za mu ba kowa lambar firam tasa, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta: firinsifal 2, kimiyya 3, adabi 5, fom masta 7.

Daga nan kowa zai samu abin da zan kira lambar allo, don ba sirri ba ce, ana iya manna ta a allon sanarwa. Ƙa'idarta: ka tattaro firam ɗin duk wanda ba kai ba ne kuma ba ya ƙarƙashinka, ka ninka su. Shugaban kimiyya ba ya iko da firinsifal ko shugaban adabi, don haka tasa 2 × 5 = 10. Fom masta ba ya iko da kowa, tasa 2 × 3 × 5 = 30. Shugaban adabi 2 × 3 × 7 = 42. Firinsifal kowa na ƙarƙashinsa, babu abin ninkawa, tasa 1.

Saura abu biyu. Na farko wata lamba da za mu riƙa rabawa da ita, wadda aka samu daga ninka firam biyu. Mu ɗauki 11 × 23 = 253. Ita 253 kowa zai iya sani, amma 11 da 23 ɓoye su ake yi. Na biyu lambar sirri ta makarantar gaba ɗaya. Na zaɓi 2 don kawai kalkuleta ta ɗauka, kada ku rikita ta da firam ɗin firinsifal. Mabuɗin kowa shi ne: a ɗaga lambar sirri zuwa fawar lambar allonsa, a raba da 253, a ɗauki ragowa.

Na firinsifal 2 fawa 1, wato 2 ɗin dai. Na shugaban kimiyya 2 fawa 10, wato 1024. A raba da 253, ya shiga sau 4, ragowa 12. Mabuɗinsa 12 ke nan, ita kaɗai za a ba shi a ambulan, ba za a gaya masa daga ina ta fito ba.

Yanzu yana son buɗe fayil ɗin fom masta. Sai ya dubi allo: ta fom masta 30, tasa 10. Ya raba, ya samu 3 cif. Sai ya ɗaga mabuɗinsa zuwa fawa 3: 12 × 12 × 12 = 1728. A raba da 253, ya shiga sau 6, ragowa 210. Wannan shi ne mabuɗin fom masta, daidai da abin da za a samu in an ɗaga 2 zuwa fawa 30 aka ɗauki ragowa. Dalilin kun san shi: fawa a kan fawa ninkawa ake yi, 10 sau 3 kuma 30 ne. Ba wanda ya aiko masa da komai, allo da biro kawai.

Shugaban adabi ya ce shi ma bari ya leƙa. Ta fom masta 30, tasa 42. Talatin ba ta rabuwa da 42, ba shi da fawar da zai ɗaga. Ya tsaya nan. Fom masta kuma ya ce bari ya hau sama. Yana riƙe da 210, yana neman lambar da in an ninka ta da kanta har uku aka raba da 253 za ta bar ragowar 210. A ƙaramin misalinmu zai iya zama ya gwada 1, 2, 3, har ya iso 12 kafin a kira sallar la'asar. A aikin gaske, a madadin 253 lamba ce mai tsawon alƙaluma 617, kuma ba a san wata hanya mai sauri ta komawa baya ba sai ga wanda ya san firam biyun da suka haife ta. Irin wannan wahalar ce tsarin RSA na 1977 ya dogara da ita, wanda har yau yake cikin abubuwan da ke tsare hulɗar intanet.

Ranar da aka koya mana wannan na ɗaga hannu na ce, Malam, me ya kawo wahalar firam? A ba kimiyya lambar allo 2, a ba adabi 3 mana, tunda babu wadda ke raba 'yar uwarta. Malam ya ce in fito in rubuta a allo. Na rubuta. Ya ce, to shugaban kimiyya da na adabi sun haɗu a ɗakin malamai suna shan shayi, duk suna jin haushin firinsifal. Ɗaya na riƙe da sirri fawa 3, ɗaya na riƙe da sirri fawa 2. In suka raba na farko da na biyu, me ya rage? Na tsaya ina kallon allo. Fawa 3 a cire fawa 2, saura fawa 1. Mabuɗin firinsifal ne sukutum. Kowannensu shi kaɗai bai isa ba, amma su biyu sun hau sama da rabawa ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Ku koma ga lambobin Akl da Taylor ku ga yadda suka toshe wannan. 10, 30, 42: dukkansu 2 na raba su, domin firam ɗin firinsifal yana cikin lambar duk wanda ke ƙasa da shi. Duk yadda na ƙasa suka haɗa kai suka ninka suka raba, fawar da za su samu ba za ta yi ƙasa da babbar lambar da ke raba lambobinsu duka ba, wadda malamin lissafi ke kira HCF. Ta 10 da 42 ita ce 2. Za su iso fawa 2 su tsaya, abin da suke nema kuma fawa 1 ne. Na san wani zai ce ai 2 fawa 2 huɗu ne, kowa ya san tushen 4. Gaskiya ne, wannan laifin ƙanƙantar misalina ne. Da manyan lambobi, bayan an ɗauki ragowa, tushen ya ɓace kamar yadda na fom masta ya ɓace.

Tsarin yana da nasa nauyin. Ma'aikata mai ofisoshi 100 tana bukatar firam 100, na ɗarin shi ne 541, kuma lambar allon ƙaramin ma'aikaci za ta haura alƙaluma 200. Sannan in aka buɗe sabon aji aka ba shi sabon firam, lambar allon duk wanda ba ya iko da ajin sai ta sauya, mabuɗinsa ma haka. Shi ya sa aka ci gaba da nema. A 2005 Mikhail Atallah da Keith Frikken da Marina Blanton na Jami'ar Purdue a Amurka suka kawo wata hanya mai sauƙin gyara. Kowa da sirrinsa da aka zaɓa da ka. Tsakanin kowane shugaba da na ƙasansa sai a manna wani abu a allo mai kama da rufaffen ambulan: a ciki akwai mabuɗin na ƙasa, kuma sirrin shugaban ne kaɗai ke buɗe shi. Mai shugaba biyu ambulan biyu za a manna masa. In an yi sabon aji, ambulan ɗaya za a ƙara, ba a taɓa kowa ba.

Amma duk waɗannan, a ganina, rabin aikin ne mai daɗi. Rabin mai ɗaci shi ne ranar da wani ya tafi. A ce an yi wa shugaban kimiyya canjin wurin aiki. Ya miƙa ofis, ya miƙa kujera, amma 12 tana kansa. Mabuɗin ƙarfe ana karɓewa, lamba ba a karɓe ta. Kuma tunda daga 12 ake samun 210, ba nasa kaɗai za a sauya ba, har da na duk wanda ke ƙarƙashinsa, sannan a buɗe fayilolin a sake rufe su da sababbi. Gwargwadon girman mai tafiya, gwargwadon yawan abin da za a rushe. Sauƙin da ya sa na sama ke sauka ba wahala, shi ne ya sa tafiyarsa ke da tsada. Abin da ya riga ya kwafa ya kai gida kuwa, magana zarar bunu ce, babu lissafin da zai dawo da shi.

Kuna ganin ɗan uwan wannan aiki kullum ba ku sani ba. A zauren WhatsApp kowane mamba yana da mabuɗin da yake rufe saƙonninsa da shi, wanda ya raba wa sauran. Bisa bayanin da kamfanin ya wallafa, duk lokacin da wani ya fita daga zaure sai kowa ya zubar da nasa ya yi sabo, don kada wanda ya fita ya ci gaba da karanta abin da ake cewa. In mutane sun yi yawa wannan aiki ne babba, shi ya sa a 1998 wasu masana a Jami'ar Texas da ke Austin suka ba da shawarar a jera mambobi kamar ganyen bishiya, kowa ya san mabuɗan da ke kan hanyarsa zuwa gindi kawai. In rassan bibbiyu ne, mutum 1024 suna shiga bishiya mai hawa 10. In ɗaya ya fita, mabuɗai 10 na hanyarsa za a sauya, da saƙonni kusan 20, maimakon a bi mutum 1023 ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar MLS ta rufe hirar jama'a da yawa, wadda aka fitar a 2023, a kan irin wannan bishiyar aka gina ta.

Mu dai a ƙungiyarmu ba mu kai ga bishiya ba. Abin da muka yi bayan an gama faɗa shi ne raba ma'ajiyar gida uku: tambayoyin baya kowa ya gani, takardun taro shugabanni kaɗai, lissafin kuɗi kuma ma'aji da shugaba. Kowa da nasa asusun yake shiga, aka kuma rubuta a tsarin mulkin ƙungiya cewa ranar da aka sauke mutum ko ya sauka, a ranar ake cire shi. Wani ya ce wannan rashin yarda da juna ne. Na ce masa da an yi haka tun farko, da wanda muka sauke ɗin ma ya huta da zargin da har yau ake binsa da shi a bayan ido, alhali wataƙila bai taɓa komai ba.

Akwai tambayar da na bari da gangan, ita ce wa ke riƙe da 11 da 23 da lambar sirrin kanta, kuma me zai faru in ya rubuta su a bayan kalanda, ko ya manta, ko ya rasu. Adi Shamir, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka ƙirƙiro RSA, ya kawo wata dabara a 1979 ta raba sirri ɗaya ga mutane da yawa yadda sai wasu adadi daga cikinsu sun haɗu zai buɗu. Ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, kuma ku zo da takardar giraf.

Kafin nan ga aikin gida. Ku nemo mabuɗin shugaban adabi, wato ragowar 2 fawa 42 in an raba da 253. Kalkuletarku ba za ta nuna 2 fawa 42 cikakkiya ba, kada ku wahalar da ita. Kun riga kun san fawa 10 tana barin 12. Ku fara daga nan, kuna ɗaukar ragowa a kowane mataki. Sannan ga ta masu ƙarfin hali: a ƙara malamin lissafi da firam 13, yana ƙarƙashin shugaban kimiyya da na adabi duka biyu, amma ba ya ƙarƙashin fom masta. Mece ce lambar allonsa, kuma cikin mutum huɗun farko lambar wa za ta sauya? Ku aiko da amsa ta adireshin wannan shafi tare da sunan makarantarku da ajinku.